Mabiyiyar Ningrum Ba Ta Cika Ba

Ni dai ban taɓa ganin aiki irin na jikata Ningrum ba. A asibiti take aiki, amma ba ta allura, ba ta ba da magani, ko kaza ake yankawa sai ta kau da kai. Wani ɗaki ne can bayan asibitin gunduma, jikin inda ake wankin zannuwan gado, a nan aka ajiye ta da abokan aikinta da kwamfutoci. Likita zai gama aikinsa a kan mace, ya rubuta abin da ya yi, a kawo wa Ningrum. Ita kuma ta karanta ta ba abin lamba. Ciwon da lambarsa, aikin da aka yi da tasa daban. Sai lambobin nan sun isa hukumar inshora sannan a yarda an yi aikin. Ɓangaren masu haihuwa ne nata, kuma abin da ya fi sa ta ciwon kai shi ne zubar jini bayan haihuwa.

Ran da ta fara yi mini bayani na ce, "Nduk," haka muke kiran 'ya mace a nan, "wato mace ta leƙa kabari ta dawo, ke kuma kina kan kujera mai juyi kina raɗa wa abin suna?"

"Lamba, Mbah, ba suna ba." Mbah kaka ke nan a yarenmu.

"To, Allah ya raya lamba."

Ni ungozoma ce, ko in ce na yi ungozomanci, kafin gwamnati ta ce duk mai naƙuda a kai ta asibiti. Ban yi fushi ba. Gwiwoyina sun riga gwamnati yanke wannan hukuncin. Yanzu sai tausar jarirai, in an kawo mini su har gida.

Mu biyu ne a gidan. Mijina ya daɗe da rasuwa. Sumirah, uwar Ningrum, ita kaɗai Allah ya bar mini, tana Taiwan tun Ningrum na tatata. Jinyar wata tsohuwa ta tafi yi. Tsohuwar ta mutu, aka ba ta wata, ita ma ta mutu, aka ƙara mata wata. Tsofaffin ƙasar nan ba sa ƙarewa. Tana zuwa gida jefi-jefi, kuma duk zuwan da ta yi sai ta ƙara zama baƙuwa. Zuwanta na ƙarshe har tambayata ta yi inda muke ajiye cokula. Uban Ningrum kuwa ya ƙara gaba tun tuni, yana tsibirin Sumatra da wasu 'ya'yan.

To, ana saura kaɗan azumi, sai ga Ningrum da labari. Wani babban asibiti a Balikpapan, can ƙetaren teku, yana neman masu ba da lamba, kuma sun ce suna son ta. Kafin a ga watan azumi za ta ba su amsa. In ta amsa, bayan salla ta tafi.

Ta faɗa tana kallon fuskata. Ni kuma na ci gaba da tsince shinkafa.

"Mbah, ba ki ce komai ba."

"Me zan ce? Akwai tsakuwa a shinkafar nan, shi ne abin da na gani."

Maƙwabciyata Ponikem, wadda ta girme ni da kaɗan amma take yi kamar ita ta yi mini wankan jarirai, ta ji labarin ta katanga. Da safe ta shigo tana tafa hannu.

"Sarinten, sai ki sayi kyanwa. Ko ki dawo ɗakina mu riƙa kirga haƙoran juna."

Na ce, "Yu," wato yaya, "ba inda yarinyar nan za ta je."

"Ke kika hana?"

"Ban hana ba. Amma ba za ta je ba."

Ina da dalilina. Lokacin da na haifi Sumirah, mijina ne ya ɗauki mabiyiyarta, kuma shi mutumin bakin teku ne. Su a wurinsu a ruwa ake sakin ta, wai don yaro ya ga duniya. Ina kwance ina fama da kaina, ya sa ta a ƙoƙon kwakwa ya kai kogi. To, ga shi nan, Sumirah ta ga duniya. Saboda haka da aka haifi Ningrum ban bar wa kowa ba. Na tsaya a kan ubanta ya wanke mabiyiyar, ya sa a sabuwar tukunyar ƙasa da gishiri da allura da zare, ya naɗe da farin ƙyalle. Shi da kansa ya ƙara guntun fensir, wai don ta yi karatu. Ya haƙa rami hagu da ƙofa, inda ake wa 'ya'ya mata, na ce ya ƙara zurfi, ya ƙara. Muka kifa kwando, muka kunna mata fitila har aka yi arba'in. Mabiyiya ƙanwar jariri ce ai, tare suka zo. Duk inda ƙanwa take kwance, yayar ba ta nisa. Na karɓi haihuwa a ƙauyen nan har na daina tunawa da wasu, kuma duk wadda aka binne tata da kyau, ga ta nan tana sayar da tempe, wainar waken soya, a kasuwa, ko tana faɗa da uwar miji a bayan masallaci.

Shi ya sa nake barcina lafiya. Ningrum na ta buga waya, tana tambayar kuɗin haya a Balikpapan, ni ina kallon ta kamar akuyar da ke ɗaure ba ta sani ba.

Wata ranar da yamma ta dawo ta jingine babur, ta zube a tabarma ta ce wuyanta ya ƙage. Na zauna bayanta da man kwakwa ina murza mata kafaɗu. Ta fara mita.

"Mbah, wani sabon likita aka kawo mana, zai kashe ni. Mace ta yi ta zubar da jini, shi kuma abin da ya rubuta kawai, wai an shawo kan jini. Da me aka shawo kansa? Da addu'a?"

"To, ba an shawo kansa ba? Ki ce alhamdu lillahi mana."

"Na ce. Amma alhamdu lillahi ba ta da lamba. Dole in san me ya yi. In hannu ya sa ya ciro mabiyiyar da ta maƙale, lambar daban. In yagewa ce ya ɗinke, daban. In balan-balan ya zura ya hura don ya danne jinin, daban. In jijiya ya ɗaure, daban. In mahaifar ya cire gaba ɗaya, wannan kuma babbar magana ce."

"Ke ba za ki iya ganewa da kanki ba? Duk karatun nan?"

"Na gane mana. Na ga kayan da aka fitar daga sito, na san wankin ciki ya yi. Amma ba a yarda in yi zato ba. Ko na sani, sai ya faɗa da bakinsa ya rubuta da hannunsa. Abin da ba a faɗa ba, a wurinmu ba a yi shi ba. Yau har wurin ajiye motoci na bi shi."

"Saurayi ne?"

"Mbah!"

"Tambaya na yi. In za a bi namiji har mota, gara a san ko yana da mata."

Ta yi dariya, kafaɗun suka saki. Na ci gaba da murza. Sai na ce, don dai hira, "Shi wankin cikin, me ake wankowa?"

"Ragowar mabiyiya. Ta fito amma wani ɗan yanki ya maƙale a ciki, mahaifa ta kasa tsukewa, jini ya yi ta zuba. Sai a kankare yankin a fitar. Ai ke kin fi ni sani."

"Na san maƙalewar. Kankarewar ce ban taɓa gani ba, ba sa barin mu shiga. In an kankaro sai a ba wa uban?"

"A'a. A kwalba ake sawa a aika birni a duba. Ita ma dubawar da lambarta."

"Daga nan fa?"

"Oho. Ƙonewa suke yi, ina jin. Mbah, kin tsaya, nan wajen ne yake ciwo."

Hannuna ne ya tsaya da kansa. Don ranar da aka haifi Ningrum, a ɗakin nan na ciki, da hantsi, komai ya tafi daidai har mabiyiya ta fito. Ina juya ta a tafin hannuna na ga gefe ɗaya da giɓi, kamar wainar da ɓera ya taɓa. Kafin in ɗago kai jini ya ɓalle. Na murza cikin, na sa jaririya a nono, na aika a kira motar mai kai kwakwa kasuwa. Muka shimfiɗa Sumirah a baya. Leɓenta ya yi fari, tana ce mini, "Mbok," wato inna, "sanyi nake ji." A asibiti suka karɓe ta suka rufe ƙofa. Da suka buɗe, suka ce an yi wankin ciki, an ƙara mata jini, za ta rayu. Murna ta hana ni tambayar komai. Na dawo gida muka binne abin da ke hannunmu.

Abin da ke hannunmu. Tun daga ranar ban ƙara tuna giɓin nan ba sai yau, da man kwakwa a yatsuna. Ashe duk shekarun nan da guntuwar igiya na ɗaure akuyata.

Washegari, Ningrum na tayar da babur ta tafi, na leƙa katanga.

"Yu Ponikem, saka ɗankwalinki na biki. Asibiti za mu."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Ajiya zan karɓo."

Na ɗauki ƙaramar tukunyar ƙasa, wadda ba ta fi dunƙulen hannu ba, da sabon farin ƙyalle da ƙullin gishiri. A cikin motar haya na ba Ponikem labari. Na zaci za ta yi mini dariya. Ba ta yi ba. Sai da muka wuce gonakin shinkafa ta ce, "Ɗana Slamet ma a asibiti aka yanka ni aka ciro shi. Sun ba mu mabiyiyar a leda. Wa ya sani ko ta cika?" Slamet yana jirgin kamun kifi, rabon da ya zo har jikokinta sun manta kamanninsa.

A bakin ƙofar asibiti akwai wata yarinya a bayan gilashi, ta shafa jan baki kamar za ta gidan biki.

"Mbah, me ke damun ki?"

"Lafiyata ƙalau. Ragowar mabiyiyar jikata na zo karɓa."

"Yaushe ta haihu? Wane ɗaki take?"

"Ba ita ta haihu ba, ita aka haifa."

"To yaushe aka haife ta?"

"Shekarar da ruwa ya cinye tsohuwar gada."

Yarinyar ta kalle ni, ta kalli tukunyar, ta kalli Ponikem ko za ta samu mai hankali a cikinmu. Ponikem ta gyaɗa mata kai ta ce, "Ƙwarai, shekarar ce. Damina ta yi ƙarfi."

"Mbah, jaririyar yanzu shekararta nawa?"

"Tana nan bayan ginin nan tana ba ku lambobi. In ba ta sa lamba ba, ko jan bakin nan ba za ki samu na saye ba."

Allah ya taimake ni, sai ga Bu Endang, wato Malama Endang, ta fito daga ɗakin haihuwa. Ita ce babbar ungozomar asibitin. Tana 'yar yarinya aka turo ta ƙauyenmu ta koya mana dafa almakashi da wanke hannu da sabulu, mu kuma muka koya mata cin barkono. Yanzu ta yi ƙiba, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Ta kama hannuna ta kai goshinta.

"Mbah Sarinten! Kina nan da ranki?"

"Ina nan, Bu. Mala'ikan mutuwa ma sai an ba shi lamba, shi ya sa ya yi jinkiri."

Ta ja mu benci a inuwa. Na faɗa mata abin da ya kawo ni, ban rage komai ba. Ita ma ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta dai cire tabarau ta goge.

"Na tuna Sumirah. Ina cikin ɗakin ranar. Jinin da ta zubar, Mbah, da kun ƙara jinkiri kaɗan da ba wannan maganar muke ba."

"Na sani. Kwalbar nake tambaya. In tana birni, ki faɗa mini motar da zan hau."

"Ai a lokacin ba a aikawa birni. Wannan tsarin daga baya ya zo."

Na ɗan sa rai. Na ce, "To an binne ke nan? A ina?"

Ta kalli ƙasa. "Ɗan yanki ne, Mbah, bai fi kan babban yatsa ba. Tare da ruwan wanki yake tafiya. Magudanar kuma, kin san inda take zuba a wancan zamanin."

Na sani. Kowa ya sani. Kogin ne dai, wanda mijina ya tsaya a bakinsa da ƙoƙon kwakwa. Na ce a raina, tsoho, ashe kana kabari ma sai da ka yi galaba a kaina.

Bu Endang ta dafa gwiwata. "Mbah, mata da yawa a gundumar nan haka aka yi musu, kuma 'ya'yansu suna nan a gida."

"Kin bi su kin duba?"

Ta mayar da tabarau idonta. Ponikem ta ce za ta je a auna mata jini tun da ta zo, kar kuɗin mota ya tafi a banza.

Ina zaune da tukunya a cinya sai ga Ningrum da sauri, katin aiki na lilo a wuyanta. Mai jan baki ta aika mata cewa kakarta ta zo da tukunya tana neman abu.

"Mbah! Faɗuwa kika yi? Me ya faru?"

"Ba komai. Na zo ganin kujerar nan mai juyi."

Ta kalli Bu Endang. Bu Endang ta ja ta gefe, suka yi ƙus-ƙus. Na ga bayan wuyan Ningrum ya yi ja. Da ta dawo ta kama hannuna ta kai ni ɗakinsu, ta ce in jira ta ƙarasa abin da ke gabanta.

Ban taɓa shiga ba. Ɗakin ba taga. Injin wanki na ta gurnani ta bayan bango, bangon ma ɗumi gare shi. Ga wata mata a kusurwa, Bu Yayuk, ta fi kowa daɗewa a wurin. Bayanta ya lanƙwashe daidai da kujerar, ta ɗora tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Ta gaishe ni ba tare da ta juyo ba. Ningrum ta zaunar da ni a kujerarta, ita ta tsaya tana danna kwamfuta a sunkuye. Kujerar tana juyi, gaskiya ne. Duk inda ka juya bango ne.

Waya ta yi ƙara, ta ɗauka. Likitan nan ne. Sai na ji wata murya da ban san jikata da ita ba.

"Likita, da girmanka, ba zan sa lambar cire mabiyiya da hannu ba alhali kankarewa ka yi. Eh, na san duk jini ne. Amma in matar nan ta dawo da wani cikin, wanda zai karɓe ta lambar zai duba, ya kamata ya san an taɓa kankare ta. Ka rubuta, ina jira. Na gode."

Ta ajiye, idonta na ƙyalli. Bu Yayuk ta ce daga kusurwa, "Mutanen Balikpapan za su sha fama." Ningrum ta ce, "A can, Bu, an ce ɗakin masu lamba a hawa na sama yake, ana hango teku." Yadda ta faɗi sunan garin nan, kamar mai tsotsar alewa tana tsoron ta ƙare.

Da azahar ta nemi izini ta ɗauke ni a babur. Na riƙe ƙugunta da hannu ɗaya, tukunya a ɗayan. Muka iso sabuwar gada. A nan ta tsaya wurin mai sayar da ɗanyar kwakwa, ta sa aka sare mana biyu. Muka zauna a benci, kogi na wucewa a ƙasa, ja-ja da shi saboda ruwan sama.

"Mbah, da an ba ki, me za ki yi da shi?"

"In kai shi wurin 'yar'uwarsa mana. Hagu da ƙofa."

"Don kar in tafi."

"Don abu ya cika. Ni ba na son aikin da bai cika ba, kamar ke."

"Mbah Sarinten." In ta kira cikakken sunana, to ta shirya. "Tun ran da na faɗa miki maganar nan nake jiran ki ce wani abu. Kin ce akwai tsakuwa a shinkafa. Kin ce kazar Ponikem ta shiga lambu. Yanzu kin hau mota da gwiwoyin nan kin zo neman abin da ya bi ruwa tun ban buɗe ido ba. Duk wannan ya fi miki sauƙi a kan ki buɗe baki?"

Na tsotsi ruwan kwakwa. Bai yi zaƙi ba, an yi saurin tsinke ta.

Gaskiya ta faɗa. So nake ƙasa ta riƙe mini ita. In ƙasa ce ta riƙe, ba wanda zai ce tsohuwa ta tare wa yarinya hanya, ita ma ba za ta taɓa kallona ta tuna teku ba.

"Kin san aikina," ta ce. "Ba a yarda in yi zato ba. Na ga tukunya, na ga ƙyalle, na san abin da ke ranki sarai. Amma sai kin faɗa. Ki ce, Ningrum, zauna. Wallahi in kika faɗa, yau ɗin nan zan kira su in ce na fasa. Ba zan yi fushi ba."

Na san ba za ta yi fushi ba, matsalar ke nan. Uwarta ce mai fushi, ta fasa kwano ta huce. Wannan za ta zauna ne, ta yi mini shayi, ta yanke mini farce, ta tafi ɗakin nan mai ɗumin bango kullum da safe, har bayanta ya ɗauki siffar kujera. Kuma kalmar tana nan a bakina, ƙarama, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Na juya ta da harshe. Na ji daɗinta ma. Na hango mu biyu a tabarma, azumin bana da na baɗi, da ranar da za a wanke ni tana tsaye a kaina ba a waya ba.

Na ce, "To buɗe kunnenki, ki sa lamba. Tsohuwa ta ce ki tafi."

"Mbah."

"Ta ce ki tafi, ta gaji da wankin kayanki, kuma kina cinye mata yaji."

"Ƙarya kike yi. Likitocinmu ma sun fi ki iya ƙarya."

"Zato kike yi ke nan? Ke da kika ce an hana ki? Abin da aka faɗa shi za ki rubuta, Nduk. Ni ban kafa dokar ba."

Sai ta kifa kai a cinyata, nan a gaban mai kwakwa, kafaɗunta na rawa. Ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin ta haɗa. Na dafa kanta ina kallon ruwa. Mai kwakwa ya juya baya yana gyara addarsa, mutumin kirki.

Can ta ɗago, hanci ja, ta ce, "Ina Mbah Ponikem?"

Mun manta ta a asibiti. Sai la'asar ta dawo a motar haya, ta zage ni tun daga bakin titi har ƙofar gida, ta haɗa da iyayena da ba ta taɓa gani ba. Na ba ta tukunyar ta zuba gishiri, ta karɓa tana zagin.

Muka yi azumi tare. Ningrum ta riƙa dawowa da wuri, ta koyi miyar ganyen rogo da madarar kwakwa irin tawa, ta ƙona ta, ta sake ƙonawa, sannan ta iya. Ta kai wayata aka gyara yadda in na danna wuri ɗaya sai ita. Sumirah ta kira ranar salla, ta ce tsohuwar da take jinya ta faɗi a banɗaki, ba halin zuwa. Na ce Allah ya ba tsohuwarta lafiya. Ta ce, "Mbok, ke wa zai zauna da ke?" Na ce Ponikem, in ba ta riga ni ba.

Ranar tafiyar, da safe, ta durƙusa ta sa goshinta a gwiwata ta nemi gafara kamar yadda ake yi. Na ce na yafe, ta tashi kar mota ta wuce. Ban raka ta titi ba. Gwiwa ce, kowa ya san gwiwata.

Yanzu takan kira in ta fita cin abincin rana. Takan ba ni labarin likitocin can, wai sun fi na nan rubutu amma sun fi su girman kai. Rabin maganar ba na ganewa, sababbin lambobi ne, tsarinsu daban. Jiya ta kira, ina jin ƙarar cokali da hayaniyar mutane a bayanta.

"Mbah, bari in kashe, abincin zai huce. Zan sake kira."

"Me kike ci?"

"Shinkafa da kifi. Kifinsu ƙato ne, amma yajin ba ya da rai."

"To ci mana. Ajiye wayar kusa da kwanon."

"Ba magana zan yi ba fa, Mbah. Ci kawai zan yi."

"Na sani. Kar ki kashe."

Ta ajiye. Na jingina da bango, waya a kunne, ina jin ta tana tauna. Har yanzu da sauri take ci, tana hura hanci in barkono ya kama ta. Ta tsaya ta cire ƙaya, ta sha ruwa, ta ci gaba. Na ɗauko tawa shinkafar, wadda ta huce tun ɗazu, na jawo kwanon kusa.